Fuskar Alwin a Katako

Ottilie Reuter wankau take yi a Dresden, mace ce mai taurin kai da ko sabulu ba ta yarda a zaɓar mata. Bayan yaƙin duniya na farko ta ba wani matashi mai zane, Eberhard, hayar ɗaki. Yana cikin masu cewa zane ba kama ba ce, abin da ke cin zuciya shi ake fitarwa. Wata rana ya sassaƙa fuskar mijinta Alwin a katako, ya shafa tawada, ya buga a takarda.

Da ta gani sai ta kama ƙugu. "Kai, wannan dodon ne mijina? Ido kamar ramin ɓera!"

Alwin, wanda tun dawowarsa daga fagen fama bai cika magana ba, ya daɗe yana kallo. "Ni ne, Otti. Shi kaɗai ya ga abin da na dawo da shi."

Da Alwin ya rasu, katakon nan ne kaɗai ya rage mata na kamanninsa, ta rataye shi a ɗakin girki.

A 1937 hukuma ta ce irin wannan zane cuta ce, aka shiga kwashe shi daga gidajen nuni. 'Yarta Gerda, wadda mijinta Kurt ma'aikacin hukuma ne, ta zo a firgice.

"Mama, ki ƙona shi. Kurt ya ce in ba haka ba, yara ba za su ƙara tako gidan nan ba."

"Ubanki ne fa."

"Katako ne, Mama!"

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma jikokinta ba abin da za ta sarayar ba ne. Ta ce Gerda ta dawo ran Lahadi. Kafin ranar ta farke shafin cikin kwat ɗinta na sanyi, ta shafa wa katakon tawada, ta shimfiɗa ƙyallen a kai, ta yi ta murza shi da bayan cokali kamar yadda masu zanen suke yi in ba su da injin bugawa. Fuskar ta fito baƙa wuluk. Ta mayar da shafin ta ɗinke, zanen na fuskantar ciki.

Ran Lahadi ta jefa katakon a murhu a gaban Gerda. Ta yi kuka, kuma kukan gaske ne.

Da Kirsimeti aka gayyace ta gidansu. Kurt ya tarbe ta a ƙofa da ladabi, ya miƙa hannu ya karɓi kwat ɗin nan nata na sanyi.

"Kin kyauta da kika rabu da ƙazantar nan, Mama."

"Rataye shi a sama, ɗana," in ji ta, "inda zai riƙa ganin yaran."