Hannun Pa Lamduan da Bakin Zakara

Kafin sufayen addinin Buddha su gama zagayen karɓar abincin safe, Pa Lamduan ta riga ta hau tsohon kekenta, jakar asibiti a kwando. Ta leƙa randunanmu ko akwai 'ya'yan sauro, ta auna jinin tsofaffi, ta balbale mai ciwon suga da faɗa in ta kama shi da shayin madara, sannan ta tsaya a rumfata ta ci taliya da barkonon da ni mai sayarwa ba zan iya ba. Ba likita ba ce, 'yar sa-kai ce ta ƙaramin asibitin ƙauyenmu. A watan nan za ta ajiye jakar, gwiwa ta ƙi. Ni kuwa ba zan bari ta tafi shiru ba, don mijina Bunlue da ke can yana minshari a gindin mangwaro, ita ta bar mini shi.

Shekarar da murar tsuntsaye ta shigo mana ne. Kaji na faɗuwa, zanko ya yi baƙi, ma'aikata na kwashewa suna binnewa. Mazanmu kuwa suka ɓoye zakarun faɗa a gona, don namijin garin nan ya fi sanin ranar ƙyanƙyasar zakaransa a kan ranar haihuwar 'yarsa. Kuma in zakara ya sha duka, jini da majina suka toshe masa maƙogwaro, mai shi kan sa bakin zakaran cikin nasa ya tsotse ya tofar. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya taɓa jin ƙyama.

A rumfata Pa ta fara yi musu magana kan tsotsar nan. Bunlue ya ce, "Haba Pa, in an kamu ai sai a haɗiyi kafso."

Ta ce, "Kafson gidanku! Shi bairos ba ya ci, ba ya sha, shi kaɗai ko haihuwa ba ya iyawa. Me kafso zai kama a jikinsa? Ɗan ƙunshi ne mai ƙayoyi. Jikinka kuma da ƙananan ɗakuna aka gina shi, kowanne da ƙofa. In ƙayar ta dace da ƙofar ɗakunan huhunka, ya shige ke nan." Ta nuna ni da cokali. "Kamar baƙo ya faɗo rumfar nan ya sa ta yi ta dafa irinsa da tukunyarta da itacenta har rumfar ta rushe, su watsu zuwa maƙwabta. Ka ji huhu ya cika da ruwa? To, abin da ya faru ke nan."

Na ajiye ludayi. Su kuwa dariya suka yi.

Ranar Lahadi suka haɗa faɗa a ɓoye bayan rumbun shinkafa, ni ma na kai taliya. Zakaran Bunlue ya kara da na Lung Sawaeng, dattijon da kajinsa suka ƙare a makon, saura wannan ɗaya. Da aka tafi hutu, zakarun nan jina-jina, ba ka bambance jinin wane da na wane. Bunlue ya durƙusa, ya buɗe baki. Sai ga Pa, wadda ba ta taɓa taka filin zakara ba, ta yar da keke ta ratsa maza, ta cusa hannunta tsakanin leɓensa da bakin zakaran. Zakara ya zabura, ƙayar ƙafarsa ta farke mata hannu daga wuya har kusa da gwiwar hannu. Na ƙwalla ƙara, kwano ya suɓuce mini.

Bunlue ya miƙe yana huci. "Pa, kin haukace ne? A gaban mutane?"

"Na haukace. Rufe bakin dai, ɗan banza, ka je ka wanke hannu da sabulu."

Lung Sawaeng ya yi dariya har da tari. "Tun kafin a haife ki nake tsotsa, 'yar nan. Kalli yadda maza ke yi." Ya tsotse nasa, ya tofar a gabanta. Aka yi masa tafi, har da mijina.

Mako bai zagayo ba zazzaɓi ya kayar da Lung Sawaeng. Ya sha kafso ya sha, numfashi na ƙara yin sama. Pa ce ta matsa ta waya aka kai shi babban asibiti, daga can bai dawo da ƙafarsa ba. Bunlue ya zauna a bakin ƙofa yana shafa leɓe, ko abinci ya kasa ci. Sai daga baya muka ji cewa tun ranar faɗan Pa ta koma bukkar gona ita kaɗai, don jinin ya fantsamar mata har a fuska, ba ta yarda ta rungumi jikokinta ba sai da asibiti suka ce ta fita. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ke ce, Pa, mai keke ba birki. Ke aka yi wa ihu a filin nan, ke kuma kika fara kai wa matar mamacin shinkafa da kika fito, ba ki taɓa cewa ai na faɗa ba. Mun gode, Pa.

Jiya aka yi mata walima a ɗakin ibada, muka yi layi muna zuba mata ruwan ƙamshi a hannu kamar yadda ake yi wa manya. Da aka zo kan Bunlue, ta miƙo hannun, tabon ya bayyana. Ƙaton nan ya kasa zuba ruwan, sai hawaye. Ta ce, "Zuba mana, ka rufe bakin nan, ba ni da wani hannun da zan sa."

Ku 'yan mata da samarin garin nan, asibiti na neman wanda zai ɗauki jakar. Ku je ku ɗauka. Har yanzu akwai masu tsotsar bakin zakara a bayan rumbu, ita kuma gwiwarta ba za ta ƙara kai ta can ba.