Tsinke Mai Jan Zare

Da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wata ranar Laraba, na miƙa wa mahaifiyata tsinken tsintsiya na roƙe ta ta kai wa Hajiya maƙwabciyarmu. Daga nan abin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne domin na ɗaga kai na duba agogon bangon Baba, kamar yadda nake duba komai a wancan zamani.

Ina aji huɗu na sakandare a Kafanchan, a ƙarshen shekarun tamanin. Mu uku ne 'ya'ya mata a gidan: yayata mai koyon ɗinki a bakin kasuwa, sai ni, sai ƙanwata 'yar firamare. Baba yana aiki a tashar jirgin ƙasa. Mama tana sayen ɗanyar citta daga wajen danginmu na Kachia, ta tsaga, ta shanya, ta sayar.

A zangon ƙarshe na shekarar shugabar makarantarmu ta kira ni ofis. Ta ce ni zan karɓi kyautar ajinmu ranar ba da kyaututtuka, kuma ni zan karanta jawabin godiya a madadin ɗalibai. Ta dubi ƙafata ta ƙara da cewa duk wadda za ta hau dandamali sai da baƙin takalmi sau-ciki. Abin da nake da shi sandal ɗin makaranta ne da silifa.

Jawabin bai dame ni ba, takarda ce zan riƙe in karanta. Tafiyar ce ta dame ni, daga kujera zuwa dandamali, a hau matakala, iyaye da malamai suna kallo. Shekarar da ta gabata wata 'yar aji shida ta hau da takalmin aro, ƙafa ɗaya ta zame ta gangaro ƙasa, har wani malami ya ɗauko ya miƙa mata. Sunan da aka laƙaba mata ranar shi ta fita da shi daga makarantar. Ni da ko gaisuwa ba na iya ɗaga murya, na san ba zan iya ɗaukar irin wannan ba. Ina son takalmin da zai zauna a ƙafata. Ko kyansa ban damu da shi ba.

A unguwarmu ba kowa ke zuwa shago sayen takalmi ba, na shago tsada gare shi. Hajiya ake ba saƙo. Ita 'yar kasuwa ce, gidansu na bayan namu, kakanninta ma a garin aka haife su. Duk bayan mako biyu takan hau jirgin da ke zuwa gabas ta sauka a Aba, ta saro atamfa da robobi da takalma. Ba ta karɓar lamba. Lambar takalmin Aba, in ji ta, duk wadda ta zo hannun yaron shago ita yake bugawa. Na taɓa gwada maganarta: na jera takalman gidanmu na duba ƙarƙashinsu, na ga mai lamba shida ya fi mai lamba bakwai tsawo, wani kuma an rubuta masa talatin da tara.

Abin da Hajiya take karɓa tsinke ne. Mutum zai zari tsinken tsintsiyar kwakwa, ya taka shi daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya karya a nan. Sai ya ɗaura masa zare ko ƙyalle don a gane mai shi. Hajiya takan haɗa tsinkayen unguwa a cikin wani dogon gwangwani. In ta isa kasuwa sai ta riƙa zura kowane a cikin takalmi, wanda tsinke ya kwanta a cikinsa daidai shi ne na mai tsinken.

Ni ban karya nawa da hannu ba. Na tsaya a kan takarda na zagaye ƙafata da fensir, dama da hagu. Na ga ta dama ta ɗan fi, sai na bi ta dama. Na sa safar da zan sa ranar na sake aunawa. Na zaɓi tsinke miƙaƙƙe, na yanke shi da sabuwar reza, na goge bakinsa a siminti don kada ya tsage. Na ɗaura jan zare a tsakiya, na ƙulle shi da kyau.

Abin da ya rage in kai. Amma da yamma tsakar gidan Hajiya cike yake da mata masu kawo saƙo, kuma ba wanda ke shiga ya fita ba a tsokane shi ba. Na kai bakin ƙofa na ji shewarsu, na juyo. Shi ne na ba Mama.

Ta juya tsinken a hannunta. "Wannan duk aikin tsinke ne? Kamar za a kai shi asibiti."

"Don Allah Mama, kada ya karye."

"To, Malama. Na ji."

Ta soka shi a ɗankwalinta ta ci gaba da abin da take yi.

Hajiya ta dawo farkon mako. Ƙanwata ce ta shigo da leda tana tsalle. Takalmin baƙi ne mai sheƙi, da ɗan tudun dunduniya, yana warin gam. Na wanke ƙafa, na sa safa, na zura. Ƙafata ta shige har ta wuce. Yatsuna biyu suka shiga a bayan dunduniya, da sauran wuri. Na yi taku zuwa ƙofa, takalmin yana biyo ni a baya yana ƙwas, ƙwas. Ƙanwata ta kwanta a tabarma don dariya.

Mama ta leƙo ta ce, "Ya yi kyau."

"Ya yi yawa, Mama."

"Ƙafa tana girma."

Ƙafata ta daina girma tun ina aji biyu, ita ma ta sani.

Ranar Asabar na yi abin da na kasa yi da farko. Na zaɓi hantsi, lokacin da mata suke kasuwa, na shiga gidan Hajiya da ledar a hannu. Na same ta tana ware robobi. Na durƙusa na gaishe ta, na yi bayani ina kallon ƙasa.

"Ɗaga murya, 'yar nan, ni ba malamar makarantarku ba ce. Ya yi yawa? Takalmina?"

Ta sa aka ɗauko gwangwanin, ta zazzage shi a tabarma. Akwai mai baƙin zare, mai ƙyallen atamfa, mai igiyar buhu. Ta tsamo mai jan zare ta zura a takalmin. Ya kwanta daidai, ko motsi ba ya yi.

"Kin gani? Ni abin da aka ba ni nake bi. Ko tsinken raƙumi aka kawo, takalmin raƙumi zan sayo."

Na karɓi tsinken na duba. Zaren nawa ne, amma ƙullin ba nawa ba ne. Tsinken ya ɗan lanƙwashe, bakinsa kuma a tsage, da hannu aka karya shi. Na ɗora ƙafata a kai, ya leƙo gaban babban yatsana.

"Hajiya, ba nawa ba ne."

"To na wa? Uwarki ta kawo da hannunta."

Ta tattara tsinkayenta.

"Laraba mai zuwa zan koma. In ba a taka shi a ƙasa ba, mutumina zai canza. Amma uwarki ce ta ba ni saƙo, ita za ta ce a canza. Ni ba na shiga tsakanin kaza da 'ya'yanta."

Ranar kyaututtuka tana bayan dawowarta daga wannan tafiyar da 'yan kwanaki. In takalmin ya bi jirgin Laraba, zan samu daidai ƙafata. In bai bi ba, da wannan zan hau.

A ranar na yanke sabon tsinke na ajiye a cikin littafin lissafi. Sai na shiga neman bakin Mama.

Ban iya tambaya kai tsaye ba, ban taɓa iyawa ba. Na ce mata Hajiya ta ce za a iya canzawa. Ta ce ta ji, in miƙo mata tire. Na sake tayar da maganar muna dawowa daga coci ranar Lahadi, ta tsaya gaisawa da wata daga cikin matan zumunta har na gaji na wuce gida. Na gaya wa Baba yana goge fitilarsa ta aiki. Ya ce shi takalmin da ya sani but ɗin tasha ne, in tambayi uwata. Yayata ta ce ita ba ruwanta, ta juya ta ci gaba da guga.

Na yi tunanin wata hanya. Akwai shumeka a gindin mangwaro kusa da tasha. Na kai masa takalmin a leda. Ya ce zai iya ɗinke bayan ya tsuke shi, ya kuma huda gefe ya sa maɗauri. Na dawo na faɗa wa Mama, ina ganin na sauƙaƙa mata. A karo na farko ta ajiye abin da ke hannunta.

"Kada allura ta taɓa takalmin nan. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Ta karɓi ledar ta ɗora a saman kwaba.

Na kasa gane ta. Ba ta yarda a canza ba, ba ta yarda a gyara ba, ba ta kuma ce me ya sa ba. Na yi ta bin abin a raina kamar lissafin da ya ƙi fita. Na ɗauka ko tsinkena ne ya karye a ɗankwalinta ta ji nauyin faɗa. Amma wanda ya karya tsinke ai gutsattsarin yake haɗawa ya auna wani, ba ya ƙara tsawo.

Ranar Talata aka yi ruwa da safe, rana ta fito bayan azahar. Da na dawo makaranta na tarar da Mama a tsakar gida ta baje buhu tana tsaga citta, ƙamshinta ya cika gidan. Ban cire yunifom ba. Na ɗauko sabon tsinkena da wanda na karɓo wajen Hajiya, na jera su a kan buhun a gabanta. Bambancinsu ya fito fili.

"Mama, gobe Hajiya za ta tafi."

"Allah ya kai ta lafiya."

"Wannan ne nawa. Wannan ba nawa ba ne."

Ta dubi tsinkayen, ta ɗauki wata citta ta tsaga.

"Ƙafar wa aka auna, Mama?"

Ban taɓa yi mata tambaya da irin wannan murya ba. Ƙanwata da ke wanke kwano ta tsaya. Mama ta goge wuƙar a zaninta, ta ture gajeren tsinken gefe da bakin wuƙar, ta bar dogon.

"Ƙafar yayarki na auna," in ji ta. "Takalmi ɗaya za a saya a gidan nan bana. Ke ki hau dandamalinki da shi, ita ta raka amarya da shi a Kachia lokacin Kirsimeti, ni ma in matan zumunta sun yi taro in gwada sa'ata. Taki ƙafar za ta shiga nata, tata ba za ta shiga naki ba. Da na faɗa miki tun farko, da kin kai tsinken da kanki. Akwai auduga a tsohon matashin babanki, je ki ɗiba ki cusa a gaba, ki fara koyon tafiya da shi a ɗaki."