Ƙyauren da Na Cire da Rana Tsaka

Shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ina gyaran keke a Kazaure. Ban taɓa cin albashin kowa ba, amma ƙarin nan sai da ya biyo ni har ɗakin kwanana.

Ciki da rumfa muke haya, ni da matata, a gidan wani Alhaji dillalin gyaɗa. Lokacin da muka taso daga Gwiwa muka kama ɗakin, kango ne. Ba ƙyaure, ƙasa duk ramin ɓera. Naira biyu a wata muka daidaita. Ni na kwaɓa ƙasa na yi yaɓe, matata ta gayyato maƙwabta suka yi daɓe. Na sayi katako da fallen kwano, kafinta ya haɗa mini ƙyaure, na sa masa sakata.

Sai gari ya cika da sababbin malaman makaranta da ma'aikatan gona, kowa da babur, kowa yana cigiyar ɗaki. Wata rana bayan la'asar Alhaji ya sa aka kira ni zaure. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

Ya ce, "Daga watan gobe ɗakinka naira shida ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba a yi mini ƙari ba. Faci nake yi."

"Ɗakin aka yi wa ƙari. Ga daɓe, ga ƙyauren kwano. Wani malami ya leƙa jiya, ya ce zai biya."

"Wa ya sa ƙyauren, Alhaji?"

"Abin da ke jikin gini na mai gini ne."

Na tashi na koma ɗaki. Na tarar da matata tana tankaɗe, na gaya mata yadda muka yi. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Malam, daɓe dai ba ya ɗaukuwa. Amma ƙyaure ai da ƙusa aka kafa shi."

Da wata ya ƙare na samo ɗaki a bayan gari, gidan wata tsohuwar Bafulatana da ɗanta ya yi kudu da shanu. Na sallami Alhaji, sannan na ɗauko guduma da filaya. Wani maƙwabci ya ba ni shawara in bari sai sawu ya ɗauke. Na ce ɓarawo ke jiran duhu.

Ƙarar guduma ce ta fito da Alhaji, ko hula babu.

"Kai! Ɓarna za ka yi mini a gida?"

"Ranka ya daɗe, kayana nake kwashewa. In da magana, mu je gaban mai unguwa. Kafintan da ya haɗa shi yana nan da ransa."

Ya dubi mutanen da suka taru, ya dube ni, ya koma ciki. Na ɗora ƙyauren a kan amalanke, bisa tabarmi da tukwane, na turo ta bakin kasuwa, matata tana biye.

Sabon wurin ba daɗi. Rijiya da nisa, da damina hanya ta zama taɓo, ƙofar ma ta yi wa ƙyauren kaɗan, sai da tsohuwar ta yarda na sassare bango. Amma ni da matata, ba wanda ya ce da ɗan'uwansa da mun sani.

Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙanen Alhaji. Ya ce malamin nan ya ƙi shiga ɗaki ba ƙyaure, kwano kuma ya yi tsada. Wai Alhaji ya ce in faɗi kuɗin ƙyaurena.

Na ce, "Ka gaishe shi da kyau. Ka ce ba na sayarwa ba ne."

Matata ta kawo masa ruwa ya sha, ya tafi. Malamin ya samu ɗaki a wata unguwa. Na Alhaji kuwa da asabari ya ci damina, ba kowa a ciki.