Motar Bappa Joɗi Ta Daina Gurfana

Har yau ranar da muka bar aiki da hantsi muka bi wata mota har gidan mai ita ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku tarar da Patoron Ilu da ƙarfinsa ba. Kun san shi dattijo mai gyangyaɗi a kan benci, kuna wucewa kuna ƙumshe dariya, ina ganinku. To a lokacin da nake ba ku labari shi ke riƙe da garajin nan na bakin kwalta a Tibiri, ni kuma ina shef ɗin atiliye, wato babban makaniki mai raba wa sauran aiki da duba abin da suka yi kafin mota ta fita. Damina ce, gero ya fara fitar da kai.

Motar tsohuwa ce, babba, 'yar Kwatano, ta gama shan duniya a Turai kafin ta iso mu. Ba a kan risor take tsaye ba kamar sauran motoci, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke tare nauyi. Kowace ƙafa tana da balo na roba cike da iska. Akwai kwamfireso mai hura iskar, akwai tiyo mai kai ta, sannan a kowace ƙafa akwai kafta, ɗan abin awo mai siririn hannu kamar tsinken tsire, wanda ke gaya wa motar ta yi sama ko ta yi ƙasa. In ka danna maɓalli sai ta sauke iska ta gurfana kamar raƙumi, in an shiga ta miƙe.

Saboda gurfanawar nan aka saye ta. Mai ita Bappa Joɗi ne na Sae Sabuwa, dattijon da kakanninsa makiyaya ne daga arewa, shi kuma ya zauna ya kama noma. Ya faɗo daga amalanke ya karye a ƙugu. Ɗori ya kama, yana takawa da sanda, amma ƙafar ba ta ɗaguwa sama da taƙi guda. Ɗansa Buba, mai fataucin wake, shi ya nemo motar da za ta sauko ta sami mahaifinsa, don tsohon ya faɗa a gaban kowa cewa ba mai ɗaukarsa sai ranar da za a sa shi a makara. Kuma ba wasa yake ba. In motar ba ta gurfana ba, Bappa ba ya fita, ko masallacin Juma'a ne.

Zuwan farko Buba ya kawo ta ta karkace, bayanta na hagu a zube, ta ƙi hawa ta ƙi sauka. Na bi ƙa'ida kamar yadda nake koya muku. Na saurari kwamfireso, yana aiki, sai dai yana daɗewa yana gurnani har ya yi zafi. Na kaɗa ruwan sabulu na shafe kowane balo da kowane mahaɗin tiyo, don inda iska ke fita kumfa ke tashi. Na sami wani ɗan yoyo a mahaɗi guda, na gyara, na mayar da hannun kafta da na tarar ya fita daga mazauninsa, na ɗauka gargadar hanya ce ta fitar da shi. Mota ta miƙe tsaf. Ba a jima ba ta dawo a karkace. Wannan karon muka aro baliz daga Maradi, na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, ta nuna kaftan baya na hagu. Muka sa wani. Ta fita lafiya, ta sake dawowa, hannun sabon kaftan a lanƙwashe.

Kun san abin da ake yi wa irin waɗannan motoci a ƙasar nan. A cire balo, a sa risor, kowa ya huta. Ni ma abin da na ce ke nan, kuma har gobe ga yawancin motoci shi zan ce, don rairayinmu da ƙayarmu ba su san wata roba ba. Buba ma ya gaji. Ya zo ranar idanunsa jajur, ya ce ƙanwar mahaifinsa, Inna Dije, tana kwance a Gidan Sori, jiki ya yi tsanani, kullum sai ta tambayi yayanta. Tsohon ya ƙi a ɗauke shi, ya daina cin abinci sosai, yana zaune yana kallon hanya. Buba ya ce a sa risor yau ɗin nan, in ya so su taru su cicciɓe shi da ƙarfi, ya yi fushinsa ya gama.

Har na aika a fito da kirik, abin ɗaga mota, sai Patoron ya taso. Ya tambaye ni ko mota za ta gurfana in an sa risor. Na ce a'a, ai ya sani.

"To ba gyara muka yi ba ke nan," in ji shi. "Mu muka huta, tsoho ya zamna ɗaki."

Ya karɓi fitila ya sauka ramin duba ƙasan mota da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba saboda gwiwa. Bai taɓa kaftan ba ma. Ƙaton ƙarfen da ke riƙe da ƙafar motar ya tsura wa ido, sannan ya kira ni ya nuna mini. Duk ƙarfen tsatsa ne da busasshen taɓo, amma akwai wani wuri da ya goge yana sheƙi, alhali ba wani abu na mota da ke gogarsa. Ya ce in miƙar da hannun kaftan in mayar, na mayar, mota ta tashi. Sai ya ce wa Buba motar nan lafiyarta ƙalau a garaji, a gida take kamuwa da ciwo, saboda haka gida za mu je. Raina bai so ba. Ga motoci jere suna jira, ga shi mun kama hanyar ƙauye kamar masu zuwa biki.

Mun isa Sae Sabuwa rana ta fara zafi. An yi wa motar rumfa ta kara a gefen tsakar gida, Patoron ya ce Buba ya ajiye ta daidai inda take kwana. Bappa Joɗi na zaune a wata 'yar kujera cikin inuwar rumfar, dogo, siriri, sandarsa mai lanƙwasa a kai tana jingine da cinyarsa. Buba ya so a sa shi a mota nan take, Patoron ya ce a dakata, bai yarda a ɗauki mai karaya a motar da bai san abin da ke kayar da ita ba. Aka kawo fura da nono. Patoron ya zauna kusa da tsohon, suka shiga hirar ruwan bana da tsutsar gero da tsadar dusa. Ko kallon motar bai yi ba. Ni ina gefe ina ta tsaki a ciki, ina cewa yau Patoron ya kawo ni shan fura.

Can sai wata surukar gidan ta jawo wata jar maraƙa da igiya, ta miƙa wa Bappa, ta koma. Fuskar tsohon ta sake. Ya shafa wuyan maraƙar, ya gaya wa Patoron cewa jinin shanun mahaifinsa ce, uwarta na wurin kiwo, ita kaɗai ta rage dabbar da yake kula da ita da hannunsa. Yana magana yana aiki. Daga zaune ya cusa igiyar ta bayan tayar hagu, ya sa lanƙwasar sandarsa ya jawo ta ta kewaye ƙarfen nan, ya ƙulle. Da gani ka san ya saba. Ba a daɗe ba maraƙar ta hango harawa ta yunƙura, igiya ta zame a kan ƙarfen ta bi wurin nan mai sheƙi, ta je ta hau kan siririn hannun kafta.

Na buɗe baki zan yi magana, Patoron ya taka mini ƙafa, kuma ba a hankali ba. Ya ce wa Buba ya taimaka ya samo mana wani tsohon ƙarfe mai tsawo da guduma, ko a wajen maƙerin gari ne. Sai da Buba ya fita, matan gida kuma suna can bakin murhu, sannan ya matsa kusa da tsohon ya yi ƙasa da murya. Ina tsugune wajen tayar, na kwance igiyar na riƙe, ina jin su.

"Bappa, kai ka san raƙumi. Ana sa mishi dabaibayi bisa jijiya?"

Tsohon ya ce ba mai hankalin da zai yi haka.

"To wanga ɗan ƙarhe shi ne jijiyar ƙahwarta. Da shi take sanin ta tashi ko ta gurhwana."

Bappa ya leƙa, ya ga inda nake nunawa da yatsa. Sannan ya ce, "Ashe ni ke karya ta."

Patoron ya ce masa wurin ɗauri ya rasa, shi ke nan. Kuma gaskiya ce. A nan turken maraƙi yake tun da can, da aka kafa wa motar rumfa aka tumɓuke shi. Mutumin da ba ya iya sunkuyawa ya kafa turke, ba ya kuma son ya roƙi kowa, sai ya ɗaure a abin da hannunsa ya kai. Buba kuwa sammako yake yi zuwa kasuwanni a babur, kafin ya dawo an mayar da maraƙa wajen uwarta. Matan gida suna gani kullum, amma wa ya gaya musu akwai abin da igiya za ta ɓata a jikin ƙarfe? Bappa ya tambaya ko za a gaya wa Buba. Patoron ya ce wannan maganar gidansa ce, mu ƙarfe muka zo dubawa.

Da Buba ya dawo, tsohon bai jira kowa ba. Ya kira shi da sunansa, ya ce masa duk wahalar da ya sha a kan motar nan shi ya jawo, ya nuna masa igiyar. Buba ya sunkuyar da kai, ni kuma na ji girman dattijon nan ya cika mini ido. Na kafa ƙarfen da aka kawo a gefen kujerarsa, tsawonsa daidai hannun mai zaune, na lanƙwasa kansa yadda igiya ba za ta zame ba. Patoron ya sake duba kaftan, ya sa aka ɗaga motar aka sauke ta har ya gamsu.

Bayan azahar Bappa ya fito cikin farar riga da rawani. Buba ya danna maɓalli, iska ta yi huci, mota ta yi ƙasa. Tsohon ya dafa ƙofa, ya ja ƙafar nan mai ciwo ta haye, ya zauna, ba wanda ya taɓa shi. Patoron ya ce in ɗauki akwatin kayan aiki in bi su, shi zai hau kabu-kabu, babur ɗin haya, ya koma garaji da gwiwarsa mai ciwo.

Hanyar Gidan Sori ta sha ruwa, wani wurin rairayi wani wurin taɓo. Duk ramin da muka faɗa, kunnena na kan ƙafar baya. Ba ta yi ko gezau ba. A ƙofar gidan akwai maza zaune a tabarma, da suka gane wanda ke ciki sai samari suka taso da hannuwa a miƙe za su sauko da shi. Ya ɗaga musu sanda kawai, suka tsaya. Mota ta gurfana, ya sauko, ya shiga gidan yana dogarawa. Ni baƙo ne, a zaure na tsaya. A hanyar komowa Buba ya gaya mini abin da ya faru a ciki. Inna Dije ba ta gani sosai a lokacin, amma ta ji ƙarar sandar, ta ce wa yayan nata, "Hamma, wa ya ɗauko ka?"

Ya ce, "Da ƙahwata na shigo, Dije."

Buba ya ce ta yi dariya, ta kama hannun yayanta ba ta saki ba har la'asar. Kwanaki kaɗan bayan nan ta rasu.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne wanda nake damun ku da shi kullum kuna ganin surutun tsufa ne. Baliz ba ta yi ƙarya ba, ruwan sabulu ma bai yi ƙarya ba, amma duk ba su san gidan da mota ke kwana ba, ba su san kuma don me aka saye ta ba. Wannan sai an tambaya, wani lokacin sai an je an zauna an sha fura. Kuma in ka gano laifin, ka duba wa ke kusa kafin ka buɗe baki. Risor da na so sawa aikin rabin yini ne, da mota ta tafi Gidan Sori lafiya lau, ba wanda zai ce ban iya aiki ba. Sai dai ko ta tafi babu Bappa a ciki, ko ya isa wajen ƙanwarsa a hannun samari. Saboda haka gobe in kun zo wucewa ta gaban bencin nan, ku tsaya ku gai da Patoron Ilu da kyau.