Manzo Mai Goge da Jar Mota

Manzo bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa. Abin hawa mafi gudu da ya taɓa tuƙawa shi ne amalanken jakinsa, shi ma jakin ne ke yanke shawarar inda za a tsaya. Amma a bazarar da ya cika sittin da biyu, duk wanda ya leƙa shagon buga takardu da ke bayan tashar Filinge da hantsi, zai iske tsohon a gaban ordinata, wato kwamfuta, ya tura hula ƙeya, yana tseren mota kamar an aiko shi.

Mai goge ne, ɗan mai goge. A ƙauyensu da ke cikin ƙasar Kurfai har yanzu akwai gidajen da ba su bar al'adar kakanni ba. Kowace shekara, kafin ruwan shuka, sai a taru a gindin tsamiya a yi wasan bori, a kira Doguwa a roƙe ta damina mai albarka. Iska ba ta zuwa sai ta ji kiɗanta, kuma shekara talatin da ɗoriya hannun Manzo ne ke kiran ta. Sauran kwanakin shekara manomin gero ne kamar kowa, mai taurin kai fiye da kowa.

Bayan girbi ne abin ya same shi. Yana shan fura, ludayi ya kuɓuce daga hannunsa na hagu, baki ya karkace. Hawan jini, in ji lokotoro a asibiti. 'Yarsa Balkisu, mai shagon buga takardun, ta ɗauko shi ta kawo gari. Ita ta yi lakwal, wato boko, ba ta wasa da salla, rabon ta da gindin tsamiya tun tana ƙarama, amma ba ta taɓa faɗa wa mahaifinta magana marar daɗi a kan gogensa ba. Ƙafa ta warware, baki ya miƙe, yatsun hagu kuwa suka naɗe suka ƙi buɗewa. Su ne kuma yatsun da ke magana a kan tsarkiyar goge, hannun dama jan izga kawai yake yi.

Lokotoro ya ba shi ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa. Manzo ya jefa shi bayan katanga, ya ce shi ba jinjiri ba ne.

Ana nan sai ga Haske ta zo cin kasuwa, ta biyo ta gidan. Tsohuwa ce mai ƙiriniya, ita ce Doguwa ke hawa tun suna da ƙuruciya, kuma ba ta taɓa rawa da gogen wani ba. Ta dubi hannun, ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Mai goge, dattawa sunka aiko ni. Saura wata biyu a yi wasa. In ba ka iyawa, a kira Ɗanjimma na Damana."

"Ɗanjimma? Wanda ka kiɗi kamar shina yankan kara? Ki ce masu ina nan tahe."

Da ta tafi ya zauna yana kallon yatsunsa. Tsoro ya kama shi, irin wanda ko ranar da ya faɗi bai ji ba.

Dabarar ta Balkisu ce. In babu masu kawo takarda, takan buɗe wani shafin intanet mai cike da wasanni, ta yi tseren mota don kashe lokaci. Ba a sayen komai, ba a sauke komai, in dai akwai rezo, wato layin intanet, sai a danna a shiga. Maɓalli huɗu ne: gaba, birki, dama, hagu. Ta zaunar da shi, ta ɗora hannunsa na hagu a kansu, ta riƙe na daman.

"Mine ne wanga kuma?"

"Mota ce, Baba. Jar ita at taka."

"Ina ta nuhwa?"

"Ba ta zuwa ko'ina, zagaye takai sau ukku."

"Ba hwasinja, ba kaya, ba inda za ta. Lalle masu abin ga ba su da gona."

Ya faɗi haka, amma bai tashi ba. Ranar farko jar motar ta yini tana karo da shinge. Ta kife, ta tashi, ta juya baya ta nufi inda ta fito, Manzo yana zaginta yadda yake zagin jakinsa. Abin da ya ƙona masa rai shi ne wata koriyar mota da ke wuce shi kullum a kwana ta biyu. Ya raɗa mata suna Ɗanjimma. Daga nan fa ba sai an roƙe shi ba. Da hantsi yana shagon, in an ɗauke wuta ya zauna ya jira, in rezo ya tsinke motar ta daskare a tsakiyar hanya ya ce ta gaji ne, a bar ta ta huta. In talla ta faɗo ta rufe masa titi, sai ya ƙwala wa Balkisu kira ta zo ta kore masa 'yan kasuwa. Masu jiran fotokofi suna dariya, shi ko a jikinsa.

Ba da ido yake tuƙi ba, da kunne ne. Ya gane kukan injin yana hawa yana sauka kamar murya, in ya yi tsini an kusa kwana, sai a saki. Ɗan ali ne ya fara miƙewa, na tsakiya ya biyo shi. A mako na shida har ƙaramin yatsa ya soma kai wa birki. Ranar da ya wuce koriyar motar ya zo na ɗaya, ya miƙe tsaye ya yi kirarin kansa a tsakiyar shago, Balkisu ta juya wajen injin fotokofi tana share ido da bakin mayafi.

Gogen kuwa yana rataye a ɗaki cikin jakarsa. Sau biyu Balkisu ta ce ya gwada. Ya ce sai ranar. Gaskiyar magana, tsoron abin da zai ji yake yi, mota kuma tana gaya masa abin da yake son ji.

Ranar wasa, bayan azahar, gindin tsamiya ya cika. Dattawa dai dattawa ne, sun gayyato Ɗanjimma a matsayin baƙo, yana zaune gefe da hannuwansa a cinya. Masu ƙwarya suka jera. Manzo ya shafa wa izga ƙaro, ya ɗora yatsu, ya ja.

Kiɗin ya fito, ba a ce bai fito ba. Yatsun suna da ƙarfi, suna da sauri. Sai dai wata biyu suka yi suna koyon danna abu har ƙasa, ita kuwa tsarkiya ba a danna ta, taɓa ta ake yi a gefe kamar mai duba zafin tukunya. Duk inda ya kamata gogen ya yi lallashi, sai ya yi tsawa. Ya maimaita taken Doguwa sau biyar. Haske tana zaune a tabarma, kanta a sunkuye, Doguwa ba ta zo ba.

A na shida ta zabura. Ta yi kuwwa, ta faɗa fili tana karkarwa, mata suka ɗauki guɗa. Zuciyar Manzo ta yi fari fat. Sai ya lura da ƙafafunta. Suna bin ƙwarya daidai, bugu da bugu, alhali in Doguwa ta zo da gaske ƙwarya ce ke bin ƙafa. Ta zo kan wata ƙaya ta tsallake ta. Da ta juyo, ta saci kallonsa da wutsiyar ido, ta ga ko ya yarda.

Babu wanda ya gani sai shi. Da ya ci gaba, da an watse ana yabon sa, gari ya tafi shuka da alkawarin da ba a yi ba. Ya tsayar da izga a tsakiyar take. Masu ƙwarya suka ruɗe suka yi shiru.

"Haske, zamna," ya ce a hankali. "Na gode. Zamna."

Ta tsaya tana haki, kunya ta rufe ta. Ya miƙa gogen da hannu biyu.

"Ɗanjimma, taho. Da wanga za ka yi, shi Doguwa ta sani."

Ɗanjimma ya durƙusa ya karɓa. Kiɗinsa yana da kaushi kamar yadda Manzo ya sha faɗa, amma yana taɓawa inda ake taɓawa. Ba a jima ba Haske ta sake tashi, wannan karon ba kuwwa. Ta taka ƙayar ba ta ji ba. Ta bi ta gaban Manzo har zanenta ya shafi gwiwarsa, ta dube shi ido cikin ido ba ta san ko wane ne ba. Sai a lokacin hankalinsa ya kwanta, ya bar hawayen suka zubo.