Layukan Gawayi a Bangon Gwaggo

Jiya na je Tamawa na tarar za a yi wa ɗakin marigayiya Gwaggo yaɓe. Sai idona ya faɗa kan layukan gawayi a bango, wani bisa wani. Na ce a dakata.

Shekarar da aka yi mini aikin ciwon dajin nono, hannuna na dama ya ƙi ɗaguwa. Likita ya ce in riƙa motsa shi, amma a gidanmu na Dutsin-Ma ko buta na ɗauka sai an karɓe. "Kwanta, ke da ba ki da lafiya!" Gata ke nan a wurinsu.

Gwaggo, yayar mahaifina, ta tafi da ni ƙauyen Tamawa. Kullum da hantsi takan tsai da ni gaban bangon nan, ƙamshin kunun tsamiya na tasowa daga madafa. In yi ta hawa da yatsu kamar ƙadangare, ita kuma ta ja layi inda na tsaya.

Ran nan na fashe da kuka, na ce na gaji.

"Sha kukanki, ɗiyata," in ji ta, "amma hannun na sama. Ƙofar da ba a buɗewa ita ke cijewa."

Layin ƙarshe sai da ta taka kujera ta ja shi, don ya wuce tsawonta.

Jiya na miƙa hannu na shafa shi, ko zafi ban ji ba. Allah Ya ɗaga darajarki, Gwaggo, sama da inda kika kai hannun nan.