Ƙaryar da Abba Ya Yi Domina

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Abba. Ni ban iya ƙirgen boko ba, amma na san na sauka Kuala Lumpur shekarar da jirgin ƙasan nan mai bi ta sama ya fara wucewa ta bayan gidanmu a Cheras, shi kuma ya rasu ana saura shekara guda a rufe masallatai saboda annoba. Ba na rubutu. Matarsa Hadiza ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata abin da na faɗa shi za ta sa, ko da bai yi mata daɗi ba.

Abba ɗan farina ne, don haka sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba. Kakarsa ce ta yaye shi, ita ta riƙe shi. Har ya yi gemu ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Daga bakin ƙofa yake gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Da Hadiza ta haihu a nan, mahaifiyarta ba ta da rai, sai aka ɗauko ni daga Kano na zo wankan jego. Gidan ɗakuna biyu ne da falo. Ina za a kai kunya a irin wannan wuri?

Wata rana bayan azahar na tarar da shi a falo yana kallon kwamfuta. Teburi ne kore, mutane kewaye da shi, amma ba fuska ko ɗaya, sai hoton kyanwa, hoton mota, da sunayen ƙarya. Ya ce bincike yake yi a kan halayen mutane, wai yana cikin karatunsa. Na ce in dai halin mutum ne, ai gidan ka zo. Shekara talatin na yi ina dillancin atamfa gida-gida, mace ba ta taɓa taya mini kaya ban san abin da ke ƙulle a bakin zanenta ba.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, a nan babu fuska, sai hannu da lokaci. Abba yana faɗa mini abin da kowa ya yi, ni kuma ina raɗa musu suna. Akwai Shiga-sharo-ba-shanu, wanda kowane zagaye da shi. Akwai Damo, mai haƙuri, ranar da ya motsa ka ba shi hanya. Akwai Kura, ga tsoro ga ban tsoro, mai zuba kuɗi da sauri da yawa don a firgita. Na ce masa mai kaya mai kyau ba ya yawan rantsuwa, in Kura ya zuba, bi shi. Na koya masa cewa wanda aka kayar yanzu-yanzu da zuciya zai dawo, ba da hankali ba. Wanda kuwa ya yi dogon shiru kafin ya zuba, abu mai nauyi yake riƙe da shi. Sai ya yi dariya ya ce, “Inna, da kin yi boko da mun shiga uku.”

Hadiza, rubuta wannan da kyau. Tun mako na biyu na san caca ce. Na ga karta, kuma ni ba baƙuwar karta ba ce, na ga yadda ta cinye shagon ƙanen mijina. Na san tallafin karatu ya yi watanni bai zo ba, ga shi tukunya ba ta taɓa kwana a kife ba. Ruwa ba ya tsami banza. Na yi shiru, domin tunda na haife shi ba a taɓa yin ranar da ya matso kusa da ni ya ce “Inna, me kika gani?” ba sai a kan teburin nan. Har na riƙa yi wa matan ɗalibai fariya a Pantai Dalam, wai da ni ake digirin.

Ke Hadiza ke kika gano, kika kai ƙara wurin Malam Sabo, babba a cikin ɗalibanmu, kuma daidai kika yi. Ya zo da la’asar shi da mutum biyu. Ya yi nasiha a hankali, sannan ya juyo gare ni ya ce, “Hajiya, an ce tare kuke zama.” Nan na dafe ƙirji, na yi salati, na ce yaron nan ya yaudare ni, ya sa ni cin haram da furfurata. Na faɗi maganganun da uwa ba ta faɗa. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa. Abba ya ɗago ya dube ni, shi da na koya wa gane mai kurarin banza. Ya ce, “Malam, Inna ba ta san komai ba. Ni na ce mata karatu ne.”

Daga ranar bai sake taɓa karta ba. Ya kuma koma gaishe ni daga bakin ƙofa, a gidan da bai fi taku goma ba. Bayan wata biyar zazzaɓin dengi ya kwantar da shi. A asibiti na zauna gefen gadonsa, da niyyar in nemi yafiyarsa. Ya buɗe ido ya ce, “Inna, kin yi dogon shiru. Ajiye kawai, na riga na gani.” Ban ajiye ba. Na gyara masa bargo na ce ya sha ruwa.

Yanzu in na bi ta shagon mamak, wurin shan shayin garin nan, na ga samarinmu kowa ya kifa kai a waya, ban san wane ne ke gaida uwarsa ba, wane ne ke zubawa. Da Abba na nan, na san ba zai tona su a gaban mutane ba; zai ja kujera ya zauna, ya fara tambayar ko tallafi ya zo. Ba na wanke shi. Caca caca ce, ya yi, ya tuba, Allah Ya karɓa. Amma shekara bakwai ana cewa ya cuci tsohuwa, ni kuma ina karɓar jaje.

Malam Sabo yana da rai, yana koyarwa a gida, na san yana karanta jaridar nan da za a buga wannan magana a ciki. Cikin waɗanda suka rako shi ɗaya ya rasu, ɗaya yana garin nan a Jalan Semarak har yanzu. Ummi, jaririyar da na zo yi wa wanka, ta girma, in na kira ta da Hausa ta amsa da “boleh”, wato “to” da yaren mutanen nan. Sai Hadiza, ga ta a gabana, tun ɗazu ba ta ɗago kai ba. Sai ni. A cikinmu duka ni kaɗai na san ƙarya ya yi a ranar, yau kuma na ajiye.